Yatsan da Baba Ya Ɗaga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baba dai ya riga mu. Ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa, nan Kankiya, kafin la'asar an kai shi makwanci. Ni ce ke bin ɗansa na fari, ni na yi jinyarsa, kuma ni na ga ya kamata in zauna in rubuta wannan. Tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na ji mutane sun fara sassaƙa wani Baba daban, sumul, ba ƙaya ba tsini, wanda mu 'yan gidan ba mu taɓa zama da shi ba. Ba na so a manta da shi. Amma in za a tuna shi, to a tuna shi dukansa.

Ban san yana da masoya haka ba sai da ya mutu. Babura suka cika layinmu, daga Kusada, daga Kunduru, daga Kafin Soli, har da wani tsoho da jikansa ya goyo daga Sukuntuni. Tabarminmu suka ƙare aka aro na masallaci. Dattawa masu furfura, waɗanda a da, yana kyaftin ɗin ƙwallon garin, su ne yaran da yake sa wa zagaye fili da gudu, suka zauna suna share ido da bakin riga. Bango ɗaya ne tsakanin madafinmu da ƙofar gida, saboda haka duk hirarsu a kunnena take sauka ina tuƙa tuwon baƙi.

"Kai, Kyaftin! Kun tuna ranar da ya ɗirka ƙwallo tun daga tsakiyar hili, gola bai gan ta ba sai cikin raga?"

"Ai ina wurin. Sai da ragar ta yage."

"Wace raga kuma? Lokacin igiya ce muke ɗaurawa bisa sanduna."

Aka yi dariya, aka tuna makoki ake yi, aka koma salati. Kafin magariba ragar nan da ba a taɓa ɗaurawa ba ta sake yagewa a bakin wasu. Ni kuwa ina ji ina tuƙi. Shekarun da ya yi a kwance, ɓarin jikinsa na hagu a shanye, harshe ya ƙi juyawa, waɗanda suka leƙo shi cikinsu ba za su cika tabarma ɗaya ba.

Sai kuma kurket, wasan Turawa na dukan ƙwallo da katako. A makarantar kwana ta birni ya koyo shi, ya yi suna, aka riƙa ɗaukarsa zuwa garuruwa masu nisa yana dawowa da kofi. Duk Kankiya babu wanda ya taɓa ganin an buga wasan nan daga farko har ƙarshe. Abin da suka sani shi ne faffaɗan katakon da ake dukan ƙwallon da shi, wanda suka laƙaba wa suna muciyar Kyaftin. Amma ka ji su a makoki, sai ka rantse tare suka yi tafiyar.

Abin da ya fi daɗi a bakinsu shi ne labarin yatsa. Baffa, ƙanin Baba, shi ya fitar da shi waje tun kafin a gama wankan gawa. Duk wanda ya zo ya ce ya haƙuri, sai Baffa ya gyara zama.

"Ai yayana ya yi kyakkyawan ƙarshe. Baki ba ya motsi, amma ya ɗaga ɗan yatsa sama, na shahada, sannan ya cika. Ga liman nan, shi ma ya gani."

Sai wuri ya ɗauki kabbara. Allah ya sa mu cika da irin wannan, amin, amin. A tsakiyarsu kuwa ga Yaya, ɗan farin Baba, zaune yana karɓar gaisuwa kansa a ƙasa. Shekara talatin da wani abu rabon da ya taka gidanmu, sai ranar. Gafarar uba ya zo nema, kuma amsar da ya samu ita ce yatsan nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari in faɗa muku abin da yatsa yake nufi a gidanmu.

A kurket, in mai dukan ƙwallo ya faɗi, alƙalin wasa ba ya busa usur, ba ya dogon bayani. Yatsa ɗaya yake ɗagawa sama, ana ce wa wannan awut, wato ka fita. Baba ya kwaso wannan al'ada ya kawo ta tsakar gida. A waje mutum ne mai fara'a da barkwanci, yana saya wa yaran unguwa ƙwallo, yana tsayawa a teburin mai shayi har a manta da shayin. Yana shigowa zaure sai ya cire fara'ar tare da takalmi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ba ya zagi, ba ya duka. In gishiri ya yi wa miyar Inna yawa, yatsa. In ɗayanmu ya yi dariya yana sauraren rediyo, yatsa. Zai miƙe hannu har ya wuce kansa, ya kafe ka da ido, kai kuma ka kwashi abin da ke hannunka ka ɓace masa da gani. Na sha fatan ya zage ni in huta.

Kuma yana da doka a kai, wadda yake maimaitawa kamar karatun allo: "In alƙali ya ɗaga yatsa ba a jayayya. Ka saɓa sandarka ka hita, ko da kai ke da gaskiya." Abin alfaharinsa a duniya ba kofunan ba ne. Wata rana ce da aka fitar da shi bisa kuskure a wani babban wasa, kowa ya ga kuskure ne, shi kuwa ya juya ya fita bai ko waiwaya ba. Wannan labarin ma na ji shi ta bayan bango ranar makoki, suna cewa ka ji ɗa'a.

Yaya shi ya fi kowa shan yatsa. Tun bai fi tsayin turmi ba Baba ke kafa masa kara uku a tsakar gida, ya ba shi katakon nan da ya fi ƙarfinsa, ya ja baya ya jefo masa ƙwallon kurket. Ja ce, mai tauri kamar goruba. Yaro ne, in ya ga ta nufo fuskarsa sai ya runtse ido. Rannan, bayan ya yi famfara, ta same shi a baki ta karya masa haƙorin gaba. Inna ta fito da gudu hannunta duk gari, Baba ya ɗaga mata yatsa, ta koma. Ya dubi Yaya, jini na zuba a rigarsa, ya ce, "Wanda ya rufe ido ai ƙwallo tana ganinsa. Tsaya daidai." Har yau da wannan giɓi Yaya yake yawo, shi ya sa ba ya dariya da baki buɗe.

Kurket dai bai kama ba, amma ƙwallon ƙafa Allah ya ba Yaya. Duk wanda ya ga gudunsa ya san jinin waye. Baba ne kyaftin ɗin ƙungiyar garinmu, shi ke zaɓen 'yan wasa, kuma ya ƙi sa shi ko sau ɗaya. Ya ce mai rufe ido ba ya sa rigarsa. Da Yaya ya gaji da zaman benci, sai ya riƙa sulalewa Kusada, garin su Inna, yana wasa da yaran can a ɓoye.

Sai aka shirya wasan bankwana, ranar da Baba zai ajiye takalmi. Kankiya da Kusada, bayan an gama girbi. Ya riga ya haura arba'in, gudu ya ragu, ya koma tsaron baya. Ni ma na je, muna tsaye da 'yan mata a bayan taro. Da 'yan Kusada suka fito, ga Yaya a cikinsu da rigarsu. Fili ya ɗauki ihu. Baba bai ko dube shi ba.

Ana dab da tashi ƙwallo ta zo ƙafar Yaya, babu kowa tsakaninsa da gola sai Baba. Na ga Baba ya buɗe ƙafa ya tsaya, irin tsayuwar da ke cewa zo in ka isa. Yaya bai rufe ido ba. Ya tura ƙwallon ta tsakanin ƙafafun mahaifinsa, ya zagaye shi. Baba ya juya zai bi, ƙafa ta harɗe, ya zauna daɓas a ƙasa. Ƙwallo ta shiga. Ba ihun cin ne ya tsaya mini a rai ba, dariyar ce. Kusada ta yi dariya, Kankiya ma ta yi, har yaransa na cikin fili suna rufe baki. Wani ya ɗaga murya ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, aka sake fashewa. Yaya ya dawo da gudu ya miƙa masa hannu zai tashe shi. Baba ya tashi da kansa ya kaɗe wandonsa.

Da yamma Yaya ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba, ya ce, "Baba, a yi mani gafara, wasa ne." Baba yana zaune yana shafa wa katakonsa man gyaɗa, kamar yadda yake yi kowace Juma'a. Ya ajiye tsumma, ya miƙe hannu sama, yatsa ɗaya. Mun zaci irin na kullum ne, na zuwa gobe. Sai ya ƙara da kalmar, wadda bai cika furtawa ba: "Awut." Yaya ya tattara kayansa ya tafi gidan Kawu a Kusada. Bai sake taɓa ƙwallo ba, gyaran injin ban ruwa ya koya, da shi yake ci da iyalinsa.

An yi ta zarya. Kawu ya zo, Baffa ya yi magana, liman na lokacin ya ce ko harshe da haƙori ana saɓawa. Baba ya saurari kowa da ladabi, ya raka su ƙofa, ya ce shi bai kori kowa ba, hukunci ne ya faɗa. Yaya ya yi aure, Baba bai je ba. Aka haifa masa ɗa namiji ya sa masa sunan Baba, aka aiko da goro da cinyar rago, Baba ya ce a mayar. Kusada ba nisa gare ta ba, mai babur zai je ya dawo rana ba ta yi zafi ba. Inna sai ta ce za ta dubo Kawu, kowa ya san wanda za ta dubo. Ita ba ta faɗin sunan Yaya don kunyar ɗan fari, shi ba ya faɗa don fushi, haka sunan ya ɓace a gidan gaba ɗaya.

Ranar wasan nan ma sun tuna ta a makoki, kada ku ce sun manta. Da kunnena na ji wani tsohon golan Baba yana cewa, "Ga shi nan ai, wanga shi ne ya zaunar da Kyaftin! Kai yaro, ka tuna? Wallahi ban taɓa dariya irin ta rannan ba." Na ji ƙarar tafin da ya buga wa Yaya a kafaɗa. Suka yi ta ƙyaƙyatawa, suna cewa Allah ya jiƙan maza, zamani mai daɗi. Na ɗaga muciya kamar in fita da ita, Inna ta riƙe mini zane.

Ba zan ci amanar Baba ba, yana da alheri, kuma ni na fi kowa shan sa. A kurket akwai wata alama: in mai jifa ya jefa ƙwallo can gefe, inda ba mai iya kai mata, alƙali yakan buɗe hannuwansa biyu. Ma'ana laifin na mai jifa ne, ba na mai duka ba. Ranar da aurena ya mutu na dawo gida da goyo, na tsaya a tsakar gida ina jiran yatsa. Baba ya fito ya dube ni, ya dubi kumburin da ke gefen idona. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe hannuwansa biyu, ya ce, "Uwata, jifar ce ba ta yi kyau ba. Shiga ɗakinki." Da dangin mijin suka zo biko, a zaure ya tsayar da su, ko ruwa bai bari an kai musu ba. Na yi kuka rannan, na ƙaunace shi har cikin raina. Kuma na ji haushinsa fiye da kullum, don na gane ashe ya iya buɗe hannun, Yaya ne kawai ya hana wa.

Da ciwo ya kwantar da Baba ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu a cokali. Magana ta tafi, hannun dama kaɗai ya rage. Da shi yake sallah a kwance, kuma na sha kallon yatsansa in ya zo tahiya. A kan cinyarsa yake kwance, ya ɗan ɗago kaɗan, idonsa a lumshe. Na san wannan yatsa, na san ɗayan.

Safiyar Talatar nan numfashinsa ya canza. Na aika a kira liman da Baffa, sannan na ɗauki waya na kira Kusada ba tare da na shawarci kowa ba. Na ce, "Yaya, ka taho yanzu." Ya iso da baƙin mai a hannunsa, ko wankewa bai tsaya yi ba. A zaure ya tsaya yana shakka, sai da na jawo hannun rigarsa. Mutum mai furfura a gemu, ya shiga ɗakin da rarrafe, ya durƙusa a gefen katifa.

"Baba, ni ne. Ka yafe mani don Allah. Ka yafe mani, Baba."

Baba ya buɗe ido. Ya gane shi, wannan ba na shakka. Ya daɗe yana kallonsa. Sai hannun dama ya fara tashi daga kan bargo, a hankali, ya wuce ƙirji, ya wuce fuska, har ya miƙe sama. Yatsa ɗaya. Idonsa bai bar fuskar Yaya ba.

"Allahu akbar!" in ji liman. "La'ilaha illallah. Kun gani? Shahada ce!"

Baffa ya fashe da kuka yana godiya ga Allah. Hannun ya faɗo. Na dubi Inna, ta juya fuskarta bango. Yaya bai motsa ba, sai da aka ce a ba da wuri za a gyara gawa.

Da Yaya aka ɗauki makara, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya zauna a ƙofar gida har ranar addu'ar uku, yana cewa amin duk lokacin da Baffa ya ba da labarin yatsa. A shagon wani maƙwabci yake kwana. Abinci sai dai in aika masa waje.

Bayan an shafa addu'a an raba waina, tsofaffin 'yan wasan suka aiko a roƙi Inna muciyar Kyaftin, wai za su rataye ta a gidan kallon ƙwallo don yara su san tarihi. Inna ta ce, "Ku ba su. Ku haɗa da ja ɗin nan mai karya haƙori." Ni na fito da su. A zaure na iske Yaya yana sa takalmi. Ya dubi katakon, ya kau da kai.

Na ce, "Yaya, ba ka shiga ka yi wa Inna sallama?"

"Ki ce mata na tahi. In ta gama takaba ta zo Kusada ta huta."

"Gidanku ne fa. Mai hanawar ya tafi."

Ya ci gaba da ɗaure igiyar takalmi. Na rasa abin da zan ba shi, sai na ba shi abin da na kwana biyu ina lallashin kaina da shi. Na ce, "Hannu ɗaya gare shi, Yaya. Halan buɗe maka hannuwa ya so yi, irin yadda ya yi mani, ɗayan ya ƙi tashi."

Ya ɗago ya dube ni, har ya ɗan yi murmushi, na hango giɓin.

"Mai hannu ɗaya in ya so buɗewa, gefe yake miƙa shi, ƙanwata, ba sama ba. Ke ma kin sani."

Na sani. Na ce to ya yi haƙuri ya shigo, ko don Inna.

"Mi ya koya mamu?" ya ce. "Ba a jayayya da alƙali."

Ya tashi ya fita. Ina tsaye rungume da katakon na ga ya ratsa tsakanin masoyan Baba, suna miƙo masa hannu suna cewa Allah ya ba shi haƙurin rashin uba irin wannan. Ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Kusada bai waiwaya ba. Da Baba ya ga wannan fita, ina jin da a karon farko ya ce yaron ya iya kurket.

An ce mini katakon yana can rataye a saman talabijin, kuma in an zo labarin Kyaftin yara sukan ɗaga yatsa sama su yi kabbara. Ban je na gani ba, ban kuma gyara wa kowa ba. Inna ta fita takaba ta tafi Kusada, ba ta ce ga ranar dawowa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa hisabi da sauƙin da bai yi wa ɗansa ba. Allah ya saka masa hannuwan da ya buɗe mini. Addu'ar da na fi yi kuwa, wadda nake yi bayan kowace sallah in na ga nawa yatsan a kan cinyata, ita ce: ya Allah, Kai ka san abin da ke cikin ƙirji, ka sa liman ne ya gani daidai, mu 'yan gida mu ne muka yi kuskure.